Farin Fili a Taswirar Sirkka

Sirkka Kettunen ta yi ritaya daga aikin ƙididdigar itatuwa a garin Joensuu, amma hannunta ya ƙi sakin linzamin kwamfuta. Duk abin da ya zauna wuri guda sai ta mayar da shi ɗigo a taswirar da ke allon kwamfutarta. Gidajen tururuwa sun shiga, har inda marigayi mijinta yake yar da safa bai tsira ba. Ka danna ɗigo ya ba ka tarihinsa, ka murza ya matso kusa.

Abu ɗaya take ɓoyewa: inda take tsinkar kantarelli, 'yar lemar kwaɗin nan rawaya da ake soyawa da man shanu. Mahaifiyarta ce ta nuna mata wurin, kuma a nan gara mutum ya ba ka makullin gidansa da ya faɗa maka inda yake tsinka.

Sai dai Sirkka akwai son a yaba. Da ƙungiyar tsofaffin unguwa ta roƙe ta ta nuna gwanintarta, sai ta kawo ɗige-ɗigen kantarellinta na shekara da shekaru. Ta cire hanyoyi, ta cire sunaye da lambobi, ta bar ɗigo zalla. Tana jan linzami tana bayanin yadda suke cunkushewa, jama'a na cin biredin kirfa suna gyaɗa kai.

Pentti maƙwabcinta, tsohon mai kamun kifi, ya ce ta ɗan ja hoton baya. Ta ja masa da fara'arta.

"To Sirkka, wannan farin filin na tsakiya mai kama da takalmi fa, me ya hana su fita a nan?"

"Ruwa ne, kai ma dai Pentti. Ka taɓa ganin kantarelli a ruwa?"

Tafki mai siffar takalmi ɗaya ne a duk yankin, kuma kowa ya yi iyo a cikinsa.

Da lokacin kaka ya kama, Sirkka ta ɗauki kwandonta. Tun daga titi ta fara ganin motoci. A bakin tafkin ta tarar da 'yan ƙungiyar da bokitai cike, ƙasa kuwa sai guntayen tushe. Baƙin ciki ya tokare ta, kuma ba wanda za ta zarga sai kanta.

Pentti, da nasa bokitin cike a gefe, ya miƙo mata kofi, ya rage murya.

"Zauna ki huta, maƙwabciya. Wurin nan akwai albarka, amma don Allah kada ki gaya wa kowa."