Gindi Uku a Ƙarƙashin Laima

Duk wanda ya san Wilf Heslop a ƙauyensu na gundumar Durham ta Ingila, da abu biyu ya san shi: tari da furen daliya. Tarin a ramin kwal ya samo shi, inda ya yi shekara ashirin da biyu kafin a rufe ramin, ya koma tuƙin bas har ya yi ritaya. Furen kuwa gado ne. Surukinsa ne ya mutu ya bar masa fegin lambu a bayan layin gidaje, da akwati guda na saiwoyi masu kama da dankali. Wilf ya binne su ne kawai don kada matarsa Maureen ta ce ya wulaƙanta kayan ubanta. Da furanninsu suka buɗe a watan Agusta, ya tsaya yana kallonsu har shayinsa ya huce a hannu. Shi ke nan, ya kamu.

Shekara tara ya yi yana renon irin kansa, wanda ya fitar daga ƙwaya ɗaya tak: fure ja wur, zagayayye kamar ƙwallo, da ɗan ratsin fari a baki-baki. Bai taɓa kai shi gasa ba. Sai a shekarar da ya cika saba'in da ɗaya ya ce lokaci ya yi, ya dasa gindi goma sha biyu don gasar ƙauyen ta farkon Satumba.

A tsakiyar Yuli, Norman Teasdale, maƙwabcinsa na fegi wanda suka shekara talatin suna kayar da juna a gasa, ya leƙo ta kan shinge.

"Wilf, zo ka duba 'ya'yan nan naka. Ganyen nan bai yi mini ba."

"Idonka ne bai yi ba, tsoho. Je ka sake tabarau."

Amma ya je ya duba. Ganyen ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, ya nannaɗe, gindin ya tsumbure. Ya san cutar. Ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ne ke yawo da ita daga gindi zuwa gindi, tana shiga har saiwa, kuma ba ta da magani sai tugewa da wuta. Ya bi layin yana ƙirgawa. Tara sun kamu.

Kwana biyu yana kewaya su, ya kasa sa hannu. A rana ta uku Norman ya tsallako shinge da cokalin haƙa a kafaɗa.

"In ka bar su, ukun can ma za su bi su, nawa kuma su biyo baya. Kai za ka tuge ko ni?"

"Ajiye abin nan. Ni na shuka, ni zan tuge."

Ya tuge su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙone a cikin tsohon duro. Da ya koma gida, Maureen ta ji ƙaurin hayaƙi a rigarsa, ta ajiye masa abinci. Daga ranar, kowace safiya sai ya durƙusa gaban ukun da suka rage, yana juya ganye ɗaya-ɗaya kamar mai neman ƙwarƙwata.

Sai kuma ruwa ya ce ga ni nan. Kwana goma sha tara ana tafka shi a watan Agusta. Ita daliya in furenta ya sha ruwa, nauyi yake yi, wuyan ya lanƙwashe, bayansa ya kama fumfuna. Ledar da Wilf ya yi musu rumfa da ita iska ta yayyage. Ya haƙa wa ruwan hanya ya fice daga fegin, yana haƙa yana tari.

"In ka kwanta asibiti, kada ka sa ran zan je in ba su ruwa," in ji Maureen.

"Ruwa kuma? Ai shi ne ya ishe su!"

Ta harare shi, amma ita ce ta kawo dabara. "Shekara nawa kana tsintar laimar mutane a bas? Ina ake kai su?"

Washegari ya je tsohon wurin aikinsa, aka buɗe masa ɗakin ajiyar kayan mantuwa, ya zaɓi laima bakwai cikin waɗanda suka shekara ba mai nema. Ya ɗaure kowace a kan sanda, daidai saman furen da ke shirin buɗewa. Har da wata 'yar ƙarama ta yara mai zanen agwagwa.

Norman ya yi dariya har da riƙe shinge. "Saura ka saya musu takalmin ruwa!"

Ranar gasa da safe fure biyar ne suka buɗe, ana kuwa son uku masu kai ɗaya. Guda ya yi fumfuna, guda wuyansa ya karkace. Uku cif suka rage. Norman ne ya kai shi zauren gasar a motarsa, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, Wilf na baya rungume da bokiti.

Alƙaliyar gasar wata dattijuwa ce daga wani gari. Ta juya tulun furen Wilf, ta duba bayan kowane fure, ta daɗe a kansu. Da ta gama aka buɗe wa masu gasa ƙofa suka shiga, Norman ne na ɗaya, Wilf na biyu. A ƙasan katinsa ta rubuta da fensir cewa irin nan a kula da shi, kada ya ɓata. Wilf ya samu kujera ya zauna. Rabonsa da ya ji yunwa ta gaske tun Yuli, sai ga shi ya cinye burodi da cuku har biyu.

Fargaba ɗaya ta rage, ta abin da ke cikin ƙasa, don ƙasar da ta sha ruwa haka ruɓar da saiwa take yi. A watan Nuwamba sanyi ya ƙone ganyen ya yi baƙi, Wilf ya sa cokalin haƙa a hankali ya ɗago gindin farko. Ya kakkaɓe laka, ya matsa da babban yatsa. Tauri kamar dutse. Na biyu ma haka. Na uku gefe ɗaya ya ɗan taɓu, ya sa wuƙa ya yanke, cikin fari tas. Ya sauke numfashi, ya zauna a kan bokiti.

Can ya miƙe, ya ɗauki guda ya miƙa wa Norman ta kan shinge.

"Riƙe wannan a wurinka. Ba zan ƙara tara su duka wuri ɗaya ba."

Norman ya juya saiwar a hannu. "Ka san da shi zan kayar da kai baɗi?"

"Ka fara raya shi tukuna. Kuma ka kife shi ya tsane kafin ka ajiye, na san halinka."