Rikodar Kawu da Shinkafata

Jiya mai wayarin yana haɗa min cajar waya a mota, ƙaurin roba ya buge ni, sai na tuna da kawuna, raina ya ɓaci.

Muna jihar Sakkwato lokacin, tun ba a raba ta ba. Ya sayo rikoda, ya jawo mata wuta daga akwatin fis na a-kori-kurarsa, bai tambayi kowa ba. Kullum fis ɗin sai ya ƙone, shi kuwa sai ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli ta kwalin taba ya mayar. In an yi magana ya ce, "Fis na matsorata na."

Ranar da ya ɗauko shinkafata daga Zauro za mu Argungu, noman shekarata kaf, hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin sitiyari. Ina ihu a sauke buhuna, shi yana fama da sukundireba. Wuta ta cinye motar da shinkafar duka. Ya fito rungume da rikodarsa, ya ce, "Ɗana, kaset bai taɓu ba."

Har ya rasu bai ba ni haƙuri ba.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa. Shi Mai yawan gafara ne. Ni har yanzu ina ƙoƙari.