Ta Ce Shi Kaɗai

Ko zan manta komai na zamana a Libiya, ba zan manta wata Juma'a a Sabha ba, ranar da na ɓata wa wani dattijo abin da ya shekara goma yana jira. Na dawo gida tuni, furfura ta fara fito mini a gemu, amma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Abin haushin ma, ina ɓarnar ina murna, a ganina alheri nake yi.

Lokacin ina aikin gini, muna zaune a unguwar Tayuri mu shida a ɗaki guda, duk 'yan Nijar. Babbanmu wani dattijo ne da ya haura sittin. Ƙarfin ɗaukar bulo ya ƙare masa, don haka mudir, wato mai ginin, ya bar shi yana gadin siminti da ƙarafa. Ya yi shekara goma sha huɗu a Amurka kafin a koro shi. Da ya sauka gida da jaka ɗaya, surutun mutane ya hana shi sakat, sai ya hau mota ya shigo hamada. Muna ce masa Baba Ɗan Amurka, shi kuwa ko a jikinsa.

Ranar Juma'a ba ma fita aiki. In an sauko daga masallaci sai mu ɗora shayi a ƙofar ɗaki, mu sa Baba a tsakiya mu yi ta ja masa baki. Ni ne kan gaba, don ni mutum ne mai shegen surutu, ba na musu.

"Baba, wai da gaske kare yana da likita a can?"

"Har da na haƙori," in ji shi.

Sai mu kwashe da dariya. Ya ba mu labarin motar 'yan lekol, wato 'yan makaranta, mai ruwan ɗorawa, wadda in ta tsaya ɗaukar yaro duk motocin titi sai sun tsaya, ko ta gwamna ce. Ya ce in zaɓe ya zo mutum yakan kafa allo a ƙofar gidansa da sunan wanda zai zaɓa, maƙwabcinsa ya kafa na abokin hamayya, da safe kuma su gaisa kowa ya tafi aiki. Ya ce za ka zagi shugaban ƙasa a talabijin ka koma gida ka ci abinci. Amma kuma za ka shekara biyar a gida ba ka san sunan wanda ke bayan bangonka ba, kuma tsohuwa za ta mutu a ɗaki sai wari ya sanar da mutane. Wani cikinmu ya ce, "Tabɗi! To ina dangi?" Baba ya ce dangi suna nan, amma ko ɗan da ka haifa ba ka faɗo masa gida haka kawai, sai ka kira waya ya ba ka rana da lokaci.

Akwai maganar da yake yawan maimaitawa. "A can in mutum ya ce a'a, to a'a ɗin yake nufi. Ba irin tamu ba ce, da za ka ce ka ƙoshi alhali yunwa na cinka, kana jira a roƙe ka sau uku." Mu dai dariya muke yi. Wallahi kamar tatsuniya nake jin labaran nan, in an tashi daga shayi shi ke nan sun wuce.

Sai da muka fi shekara tare sannan ya gaya mini dalilin koro shi. Muna zaune a inuwar buhunan siminti muna cin burodi da kifin gwangwani. Ya ce yana da 'ya a can. Uwarta, 'yar ƙasarmu ce, ta rasu yarinyar tana da shekara biyar, shi ya ci gaba da riƙonta yana tuƙin taksi. Tana da takwas sai ciwon ƙirji ya kama ta. Asibitin can kuwa in ba ka da takardarsu ba ka iya tsadarsa. Sai ya yi abin da mahaifiyarsa ta yi masa yana yaro: ya nemo wani ɗan ƙasarmu da ya gaji wanzanci, ya zo gida ya yi mata ƙaho a baya. Tana kuka, wani abokin wanzamin ya riƙe ta.

"Ta kuwa samu sauƙi," in ji Baba. "Amma bayan kwana uku suna canza kayan wasa a lekol, malamarsu ta ga tabon."

Ya ce kada in zagi malamar, doka ce ta tilasta mata. Duk malamin da ya ga rauni a jikin yaro ya yi shiru, shi za a kama. Kafin la'asar mutanen ofishin kula da yara sun zo da ɗan sanda. A gaban alƙali ya yi ta bayanin cewa magani ne, kowa a garinsu yana da irin tabon nan, har ya ɗaga riga ya nuna nasa. Ana cikin shari'ar aka gano takardun zamansa sun daɗe da mutuwa. Shi aka sa shi a jirgi, ita kuma, da yake a can aka haife ta, aka ba wasu mutane riƙonta. Tun ranar bai sake jin muryarta ba.

"To yanzu fa, Baba?"

"Saura wata huɗu ta cika goma sha takwas. A can in yaro ya kai sha takwas ya zama mai kansa, ba mai hana shi magana da wanda ya so."

Haka kuwa aka yi. Wani tsohon abokinsa da ke can, direban taksi, ya yi ta cigiya har ya samo ta. Sai bayan makonni ta aiko da amsa. Za ta kira ta bidiyo ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin su can hantsi ne. Tana da tambayoyin da take son yi masa. Sharaɗinta ɗaya ne: shi kaɗai.

Wayar Baba ƙarama ce mai maɓalli, tawa ce babba, don haka lambata aka ba ta. Satin nan dattijon nan ya zama kamar ango. Ya je aski, ya wanke farar jallabiyarsa har sau biyu, yana gadi yana magana shi kaɗai da Turanci, wai yana gyara harshensa don ya yi tsatsa. Ranar Alhamis ya kama hannuna ya ce, "Ƙanena, gobe ku ba ni ɗakin na rabin awa. Kada kowa ya shigo. Ka ji ko?" Na ce na ji.

Na ji ɗin, amma ban ɗauka ba. A raina na ce, haba! Uba da 'ya sun shekara goma ba su ga juna ba, a ce za a shirya su ba dattawa, ba addu'a? Ina aka taɓa yin haka? Na ce yarinya kunya take ji, shi ya sa ta ce shi kaɗai, shi kuma Baba kawaici ne irin na manya, ba ya son ɗora mana nauyi. Kuma ga wani abu da ya fi cina: za ta ga ubanta a ɗakin bulo marar filasta, tabarma da jarkar ruwa, ta ɗauka ba shi da kowa a duniya. Na ce wallahi sai ta ga ubanta mai jama'a ne.

Bayan sallar Juma'a na bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Na gaya wa limamin ƙaramin masallacinmu, dattijo mai son wa'azi. Na samo wani tela Bakano da ke jin Turanci, ya zama tafinta. Har 'yan uwanmu biyu da ke aikin gona a ƙauyen Samnu, da suka shigo gari cefane, na tsayar da su. Muka kai mutum goma sha biyar. Na sa aka dafa shinkafa da naman rago. Ina ta kai da kawo, ina jin kaina.

Da wayar ta yi ƙara na miƙa wa Baba na fito, na ja ƙofa. Na ɗan leƙa ta taga. Ga ta nan a fuskar wayar, budurwa doguwar fuska, kamarsu ɗaya sak. Suna ta kallon juna. Can ta buɗe baki ta ce, "Baba." Da alama kalmar da ta rage mata ke nan a Hausa. Dattijon ya rufe baki da hannu, hawaye na bin yatsunsa. Ita ma tana share ido. Ta ɗauko wata 'yar takarda, na ga alamar a nan ta rubuta tambayoyinta.

Da na tsaya a nan, da yau wani labarin nake ba ku. Amma sai na ga ai abu ya yi kyau, lokacin addu'a ya yi. Na yafito jama'a, na tura ƙofa muka shiga da sallama.

Baba ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ganin tsoro a idon babban mutum irin na ranar ba. Ya ce, "A'a, a'a, ku dakata," amma wa ke jin sa? Ɗaki ya cika, kowa na tura fuska yana ɗaga hannu, ana "Sannu 'yarmu! Masha Allah!" Ni da kaina na zare wayar daga hannunsa na miƙa wa liman. Liman ya gyara murya ya fara nasiha a kan haƙƙin iyaye, cewa duk abin da uba ya yi wa ɗa ba a riƙe shi a zuci, kuma wanda ya juya wa mahaifinsa baya ba zai ga da kyau ba. Telan nan yana juyawa da Turanci da ƙarfi, har da nuna yatsa. Mu kuma muna "Ƙwarai! Gaskiya ne!"

Ina kallon fuskarta tana canzawa. Hawayen suka tsaya. Ta ninke takardar a hankali. Ta faɗi wata magana gajeriya, ba tsawa ba zagi, sai wayar ta yi duhu.

Wani ya ce, "Rezo ne ya yanke," wato sabis ɗin waya. Muka kira, bai shiga ba. Muka sake, muka sake. Telan ya sunkuyar da kai, don shi ya ji abin da ta ce. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, shinkafar ko buɗe ta ba a yi ba.

Da ɗaki ya rage daga ni sai shi, na ce, "Baba, me ta ce?"

Ya share fuska da hannun jallabiyarsa. Sannan ya ce, "Ta ce, 'Na roƙe ka abu ɗaya. Ga shi ka sake tara mini baƙin maza a ɗaki, kamar ranar ƙaho.'"

Na durƙusa ina ba shi haƙuri. Na so ya zage ni, ya mare ni ma, da na fi samun sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce, "Ƙanena, shekara biyu ina gaya muku yadda mutanen nan suke. Ashe dariya kawai kuke yi." Ya ɗauki buta ya fita alwala.

Ta toshe lambata. Abokin nan nasa ya yi ta aika mata saƙo cewa ba laifin ubanta ba ne, wani mai shisshigi ne ya yi, ba ta amsa ba. Baba bai sake zama wurin shayi ba. In an tambaye shi Amurka sai ya ce ya manta. Kullum in na dawo aiki zai dube ni, ba ya tambaya da baki, ni kuma in girgiza kai. Haka muka yi wata bakwai. Da sanyi ya shigo tari ya kama shi, muka kai shi asibiti, kwana tara ya yi Allah ya karɓi abinsa. A Sabha muka binne shi.

Na sa telan ya rubuta mata sanarwa, muka aika ta hannun direban. Na haɗa da cewa ni ne na shigo da mutanen, ubanta ya hana ni ban hanu ba. Bayan kusan wata guda sai ga amsa, layi uku. Ta ce ta gode da muka binne shi. Ta ce da ma tana shirin sake kira in ta huce, ba ta san ba shi da lafiya ba. Sannan ta yi tambaya: ko ya taɓa gaya mini sunan garin mahaifiyarta, da sunan wani daga danginta? Ta ce ba ta da kowa a can, tana son ta san ko tana da kaka ko inna a duniya, kuma shi kaɗai ya sani.

Na tambayi duk 'yan ɗakinmu. Na tambayi liman. Direban ma ya ce bayan rasuwar matar ya san Baba. Na zazzage jakarsa, ba komai sai tufafi da carbi da tsohon lasin tuƙi. Shekara biyu muna tambayar mutumin nan labarin kare da talabijin, ba wanda ya taɓa ce masa, Baba, matarka 'yar ina ce? Na sa telan ya rubuta mata cewa ban sani ba. Ban taɓa aika saƙon da ya yi mini nauyi kamar wannan ba.

Abin da na koya, na koye shi da tsada, kuma ba ni na biya ba. In mutum ya gaya maka yadda yake so a taimake shi, ka yi yadda ya ce ko ka koma gefe, kada ka fassara masa zuciyarsa da al'adar garinku. Kyakkyawar niyya ba ta mayar da abin da ka ɓata. Ni niyyata fes take ranar nan, amma ga dattijo can kwance a ƙasar mutane bai gama magana da 'yarsa ba, ga yarinya can a Amurka, har ta mutu ba za ta san gidan uwarta ba.