Ɗigo Tara a Bangon Malam Bulus

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Bulus, kuma shekara bakwai ke nan mutanen Kafanchan na yabonsa a kan abin da ba su sani ba. Kowa ya buɗe baki sai ya ce zanen da ke bangon ajin kimiyya na ƙaramar sakandarenmu hannunsa ne tun daga farko har ƙarshe, ba kuskure ko ɗaya. Ba haka ba ne. Akwai kuskure, kuma ni na yi shi.

A zamaninsa littattafai ba sa isar yara. Sai Baba ya sayo fenti ya shiga zana atom-atom a bango, kowanne da zobbansa da ɗige-ɗigen ilektron a kai, don yaro ya ɗaga kai ya gani. Murfin gwangwanin madara ne ma'aunin zoben farko, murfin kwanon miya na biyu, faifai na uku. Ya zana goma sha takwas, ciwo ya kwantar da shi. Na goma sha tara, fotasiyam, ni ya aika in zana wata Asabar, ina 'yar shekara sha huɗu. Ya ce biyu, takwas, takwas, ɗaya, wato zobe huɗu. Na huɗun sai da babban tire, Mama kuwa ta tafi da shi biki Zonkwa. Ni ba mai jira ba ce. Na cusa ɗigon ƙarshe a zobe na uku ya zama tara, na wanke hannuna. Da ya tambaye ni, na ce an gama. Bai sake taka ajin ba.

Yau ni ke koyarwa a wannan ajin. Takardar sakandare kaɗai gare ni, albarkacin sunansa aka ɗauke ni. Kowace shekara in rubuta daidai a allo, yara su kalle ni, su kalli bango, su bi bango. Zangon da ya wuce na soke amsar wata yarinya, Saratu, ta biyo ni da takardarta.

"Anti, ai haka Malam ya zana. Mamana ta ce shi ba ya kuskure."

Na ce ta koma ta zauna. Abin da na iya ke nan.

Sau biyu ina samun shugaban makaranta. Na faɗa masa akwai gyara, ban faɗa masa na wane ne ba. Ya ce tsofaffin ɗalibai sun kewaye bangon da katako, suna kawo 'ya'yansu su gani, kuma ba a taɓa hannun mamaci. In na matsu, in je in nemi izinin uwata.

To, nan ne ƙofar ta rufe. Duk shekara bayan sujadar tunawa da shi, Mama kan zo da matan zumunta. Ba ta tsayawa gaban sha takwas ɗin da ya zana. Wurin na ƙarshen take zuwa, ta ɗora tafinta a kai ta ce, "Nan ne hannun shi ya tsaya." Ni ina bayanta riƙe da jakarta. In na gyara, na ƙwace mata abin da take taɓawa. In na bari, yara su ci gaba da faɗuwa a kan ƙaryata.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce. Mutumin da kan sa yaro ya sake shafi guda saboda ɗigo ɗaya ya kauce, ba na jin katakon nan zai burge shi. Shi ne mai cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuma na sani ba ɗigon ne zai ɓata masa rai ba, "an gama" ɗin nan ne.

Abin da ya bari ba fenti ba ne. Akwai nas-nas da malamai daga nan har Kaduna da suka fara ƙirga ilektron a bakinsa, kuma daidai suka ƙirga. Wannan ba mai kankare shi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan rubutun a jarida zai fito. Mama ba ta karanta jarida, amma maƙwabta na karantawa, kuma ba zan bari ta ji a bakin wani ba. Yau in na tashi daga makaranta zan zaunar da ita in faɗa mata. Ranar Litinin kuma zan gyara bangon a gaban yara, da izini ko babu. In sun sallame ni, sun sallame ni.