Kujeru Shida Sun Koma Kano Babu Kowa

Shekara biyar ke nan a daminar bana da rasuwar mahaifina, Malam Modu, mai gadin filin jirgin sama na Nguru. Ba sananne ba ne. Idan kun taɓa sauka a filin nan to kun gan shi, amma ba na jin kun dube shi: dogon mutum siriri, da farar hular da ta koɗe, yana tsaye can gefe da tuta a hannu. Ni ce 'yarsa ta fari. Yanzu ina aji biyar a sakandare, kuma malamanmu sun san ni da rashin magana. Abin da zan rubuta a nan ban taɓa faɗa wa kowa da baki ba.

Sunan filin ya fi filin girma. Doguwar shimfiɗa ce a bayan gari, an jera duwatsu a gefenta biyu, sai 'yar rumfar kwano da bishiyar aduwa guda. Jirgin fasinja ba ya sauka a wurin. Jiragen shata ne, ƙanana masu farfela biyu, waɗanda 'yan kwangila da 'yan siyasa da manyan fatake suke ɗauko wa kansu daga Kano ko Kaduna a zamanin farar hula. Mutum ɗaya zai ɗauki jirgi guda don ya zo ɗaurin aure ko ya duba aikin hanya, ya sauka a Nguru, mota ta wuce da shi Gashuwa. Tafiyar da jirgin ƙasa ke yini yana yi, su a awa ɗaya suke yin ta.

Aikin Baba shi ne ya sa filin ya karɓi baƙo. Idan saƙo ya iso ofis ta wayar oba-oba cewa jirgi na tafe, masinja ya kawo masa a kan keke, sai ya ɗauki lauje. Ya yanke ciyawa, ya cike ramukan gafiya, ya shafa wa duwatsun farar ƙasa don a hango su daga sama. Akwai wani dogon buhu mai ja da fari da ake ratayawa a kan sanda don ya nuna wa matuƙi inda iska ta nufa. Baba yana kiransa wandon iska, kuma Inna ce take ɗinke shi duk lokacin da ya yage. Aiki na ƙarshe shi ne korar dabbobi, don shanun wani Bafillatani mai suna Buba ba su da ciyawar da suke so kamar ta filin nan.

Baba Babarbare ne, don haka tsakaninsa da Buba kullum wasa ne.

"Kai bawana," in ji Buba, "ka gyara wa shanuna makiyaya, Allah ya yi maka albarka."

"Kwashe tsiyarka, ɗan daji. Ranar da jirgi ya yanka maka saniya, ni zan fara cin hanta."

A can kawai nake jin dariyar Baba. A gida, saboda ni ce ta fari, bai taɓa kiran sunana ba. "Ke," yake cewa, ni kuma in sunkuyar da kai. Ba ƙi ba ne, haka muka tarar ana yi. Ya san ina son kallon jirgi, don haka ranar da za a sauka yakan manta wani abu a gida da gangan, don a aiko ni da shi.

Ranar da nake son ba da labarinta Litinin ce, cikin hutun damina, ina da shekara goma sha biyu. Inna ta ba ni wandon iska in kai masa wajen azahar. Da na isa na ga abu uku, kuma har yau ina iya jera su yadda na gan su. Na farko, a bayan rumfa, kububuwa ce a rataye a kan ƙaya, an fasa mata kai. Na biyu, Baba ya kwance maɗaurin takalminsa na dama, ya ɗaure idon sawunsa da tsumma, ƙafar ta kumbura suntum kamar tulu. Na uku, da ya yi wa Buba dariya, haƙoransa jajaye ne.

Buba ma ya ga na ukun. "Jama'a ku zo ku ga Babarbare! Ya ce yana azumin Litinin, ashe goro yake ci a ɓoye."

Baba ya yi dariya ya tofar da yawu. Ni kuwa na san goronsa yana gida, a cikin algararar da Inna ta yayyafa wa ruwa da safe, ko ɓari ɗaya bai ɗauka ba. Jan nan jini ne. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ranar nan yaro ne ya gani. Na zauna a gindin aduwa na rungume gwiwoyina, ina jira wani babba ya lura.

Jirgin ya sauka bayan azahar. Wani Alhaji ɗan kwangila ya fito da mutanensa, ƙamshin turarensu ya riga su isowa rumfa, suka shiga mota suka nufi Gashuwa. Sai ranar Alhamis za a dawo a ɗauke shi. Haka jirgin shata yake: an biya zuwansa da komawarsa, don haka in ya sauke mai shi sai ya juya gida babu kowa a ciki.

Matuƙin, wanda kowa ke kira Kyaftin, mutumin kudu ne, ya tsinci 'yar Hausarsa a Zariya. Mutumin kirki ne, shi ya taɓa ba Baba kalanda mai hoton cikin jirgi. Yana zagaya jirginsa yana duba tayoyi sai idonsa ya sauka a kan ƙafar. Ya tsaya.

"Baba, wannan ƙafa ba kyau. Mene ne?"

"Ƙaya ce, ranka ya daɗe. Da sauƙi."

"Ni koma Kano yanzu. Kujera shida, babu mutum. Zo, awa ɗaya, asibiti."

"A'a, ranka ya daɗe. Na gode. Allah ya kiyaye hanya."

Masu karatu, kun san wannan a'ar. Ita ce wadda kowannenmu yake yi in ya tarar da mutane suna cin tuwo aka ce masa bismilla. Ɗan mutunci ba ya karɓar tayin farko, ko da ya kwana biyu bai ci ba. Mai tayi ya san haka, sai ya sake, ya rantse, ya kama hannun rigarka, sannan ka zauna kamar an tilasta ka. Baba bai taɓa sa hannu a kwanon wani ba sai an yi masa tayi uku. To balle jirgin da ko matakalarsa bai taɓa takawa ba cikin shekara goma sha ɗaya yana share masa hanya.

Amma na ga abin da hannunsa ya yi. Yana cewa a'a, ya jingine laujensa a jikin rumfa. Ya kaɗe ciyawar da ta maƙale a gaban rigarsa. Ya gyara zaman hularsa. Sannan ya goge tafin ƙafarsa mai lafiya a bayan ɗayar, kamar yadda yake yi in zai taka tabarmar masallaci. Shiri yake yi. Tayi na biyu yake jira.

Kyaftin ba ɗan nan ba ne, a wurinsa a'a a'a ce. Ya dubi agogonsa, ya dubi hadarin da ke haɗuwa a gabas, ya ce, "To, Baba. Sha magani." Ya hau ya ja ƙofa.

Taku goma ne tsakanina da su. Ina da Turancin da zai ishe ni in ce masa maciji ne. Ina da Hausar da za ta ishe ni in ce, "Baba, ka je." Kalma uku. Amma ban taɓa yin magana a gaban maza ba, ban taɓa ba mahaifina shawara ba, kuma in na buɗe baki na ƙaryata shi ke nan a gaban baƙo. Ina kallo Baba ya miƙa hannu ya sake ɗaukar laujensa.

Shi da kansa ya ɗingisa ya kore 'yan maruƙan Buba biyu da suka shigo filin, ya ɗaga tuta. Jirgin ya wuce ta gabana, na ga kujerun ta tagogi, masu launin madara, da fararen ƙyallaye a wurin jingina kai. Na ƙirga su. Shida ne, kamar yadda ya faɗa.

Sauran labarin gajere ne. Da ya sha ruwa da magariba ya yi aman jini. Sai a lokacin ya gaya wa Inna cewa igiyar ƙasa ce ta taɓa shi tun da hantsi, yana yankan ciyawa, kuma ya dogara da wani rigakafi da ya sha a hannun masu wasa da maciji tun yana saurayi. Ya ce da ya tafi neman magani, wa zai tsare filin har baƙi su sauka? Washegari aka ce allurar dafin ba ta nan, sai Kano. Jirgin ƙasa ya riga ya tashi. Kawuna ya samo masa wuri a bayan motar bandar kifi, ruwa ya yanke hanya, suka yini a gaɓa. Ranar Laraba ya cika a wani ƙauye kafin Malam Madori, a can aka binne shi. Ban taɓa ganin kabarin ba.

Na san kwana in ya ƙare ba jirgin da ke ƙara shi. Malamai sun faɗa mana, kuma na yarda. Amma an kuma ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mu kuwa mu biyu muka ɓoye, shi da ladabinsa, ni da kunyata.

Bara na gamu da Buba a kasuwar Gashuwa, inda muka koma da zama gidan kawu. Fari ya cinye masa shanu, yanzu na wani attajiri yake kiwo. Shi ya ba ni labarin ranar Alhamis ɗin. Jirgin ya dawo ɗaukar Alhaji, nan ma babu kowa a ciki, ya yi ta kewaya gari don dabbobi sun cika fili, sai da Buba ya kore su. Kyaftin yana sauka ya ce, "Ina Baba?" Da aka gaya masa, ya cire hularsa ya zauna a ƙasa ƙarƙashin fiffike.

"Ni da na ce goro ya ci," in ji Buba. "Da bakina, 'yar nan. Shekara goma ina zaginsa, ranar da ya kamata in dube shi sai na yi masa dariya." Ya goge ido da bakin rawaninsa. Na bar shi da nauyin da rabinsa nawa ne.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce in ya ga yau. Hutun da ya wuce na je Nguru na leƙa filin. Tun da soja suka karɓi mulki, kaya suka yi tsada, jiragen suka ɗauke ƙafa. Tumfafiya ta fito a tsakiyar shimfiɗar har ta yi fure. An kwashe duwatsun gefen gabas, na ga wasu a murhun masu tuyar ƙosai, da sauran farar ƙasar Baba a jikinsu. Sandar wandon iska tana nan, an ɗaure jaki a gindinta. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai tambayi inda aka ajiye laujensa.

Masu hali ba su daina shata ba. A shagon wani mai sayar da barkono a Gashuwa na ga sabuwar kalanda, jiragen yanzu ba su da farfela, kujerunsu kamar na falon gida, har da tebur da furanni. Irinsu ba sa sauka a jar ƙasa, sai Kano ko Maiduguri. Wato sun ƙara gudu, sun ƙara yi mana nisa. Da, ko ba komai, inuwarsu takan ratsa tsakar gidanmu. Har yanzu kububuwa tana sara a gonakin Dagona da Kumagannam, har yanzu ana ɗora mutane a bayan motar kifi, kuma na tabbata a kowace rana akwai jirgin da ke komawa gida da kujerunsa babu kowa. Ban san wanda zan ce ya gyara wannan ba. Ban ma san ko akwai mai jin cewa ɓaraka ce ba.

To me ya rage na Malam Modu? Filin ya koma daji. Alhajin ya aiko da buhun shinkafa na ta'aziyya, ɗan aiken yana tambayar gidan "mai gadin nan", don ba a gaya masa suna ba. Wandon iska yana ƙasan akwatin Inna. Kalandar tana bangon ɗakinmu, shekararta ta wuce tuntuni. Akwai kuma wata ɗabi'a da na ɗauka, har 'yan ɗakinmu a makaranta suna yi mini dariya: in na yi wa mutum tayi ya ce a'a, sai na sake, na sake, har ya gaji ya karɓa. Ba ta dawo da kowa ba.

Abin da ya fi zama nasa a cikin abin da ya bari shi ne shirun nan, kuma a bakina ya bar shi. Har yau Inna tana cewa, "Da ma wani ya gani da wuri." Nakan ci gaba da tsince shinkafata. Inna ba ta karatun boko. Jaridar nan za ta iso Gashuwa bayan kwana uku, wani ya karanta, mai ƙosai ta naɗe wa wani ƙosai a cikinta, ba za ta taɓa shiga ɗakinmu ba. Na san da haka lokacin da na zaɓi in faɗa muku, ban faɗa mata ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa inda ya je an kama hannun rigarsa an ce lallai sai ya shigo.