Babban Yatsan Gwaggo Kulu

Gwaggo Kulu ba ta gaisawa da fuska. Duk wanda ya zauna a ƙauyenmu Sharabi, ta ƙasar Bagudo, ya san wannan. Kina miƙa mata hannu za ta cafke, ta juya shi, ta kai farcenki daf da idonta, tana amsa gaisuwa tana dubawa. Sai ta gama da yatsu goma sannan ta ɗago kai ta ga ko wace ce. Ta ce wa wannan kin sha wanke-wanke, ta ce wa waccan kin yi jinya kin ɓoye. Akwai wadda ta gaya wa tana da ciki tun mijinta bai sani ba, a gaban surukarta kuwa, baiwar Allah ta rasa inda za ta sa kanta.

Kuma ba ta wuce bishiya. Ko jana'iza za mu, sai ta tsaya ta tsinki ganye ta gwada shi a farcenta, ta taɓe baki ta yar.

Yayar babana ce. Ba ta taɓa haihuwa ba, shi ya sa aka ba ta riƙona ina 'yar shekara tara. Sana'arta ƙunshi, amma nata daban yake da na kowa. Ba ta zane. Ganyen tsamiya take tsinkowa, 'yan ƙananan nan, ta zaɓi wanda ya yi daidai da farcen mutum, ta shafa masa ruwan ƙaro ta manna, sannan ta rufe da lalle. In an kwance ƙunshi ta ɗage ganyen da tsinke, sai ki ga farce ja wur, ga hoton ganye fari tas a tsakiya. Abin da take faɗa kullum, har yaran unguwa suka haddace, shi ne: "Allah ya riga ya zana, ke ɗorawa ce taki."

Nata hannun ma haka yake, ganye a kowane farce, ban da guda ɗaya. Babban yatsanta na dama ja ne kawai, ba ado. Hagunta tana iya yi wa sauran yatsun, amma a wannan ba ta iya daidaita ganye yadda take so, ita kuma ba ta yarda da hannun kowa ba. Mata suna yi mata tsiya, wai wanzami ba ya son jarfa. Ita kuwa ta ce ranar da Allah ya kawo mai hannu, za su ga ganye a wurin. To ni wannan yatsan na sa wa ido tun ina yarinya. Ban nemi komai a wurin Gwaggo ba kamar ta miƙo mini shi ta ce in ɗora.

Ai kuwa na sha wuya. Shekarar farko ko lallen ban taɓa ba, tsinkar ganye kawai. Shi ma da dokarsa: sai raɓa ta bushe, kuma kafin la'asar, domin da yamma tsamiya naɗe ganyenta take yi. Gwaggo ta ce barci take, kuma ba a tada mai barci a ce ya yi maka aiki. Shekara ta biyu aka ba ni sakaina, fasassun ƙwarya, a kansu nake mannawa ina rufewa. Na cika kwando guda. Ta ɗauki ɗaya ta duba ta ce, "Balki, hannunki na kirɓa hura ne, amma mu gani." Shekara ta uku ta ba ni izinin farcen ƙafata, na hagu kaɗai, wai in na ɓata in riƙa ɓoye shi a bayan na dama.

Maganar tattali kuwa, ba a yi kamarta ba. Lallen da ya rage a kasko ba ya zuwa bola. Tumakinmu duk da jan goshi suke yawo. Kajinmu kuwa ko can a garin Geza aka tsinci ɗaya an san ta Gwaggo Kulu ce, saboda jan ƙafa. Wata rana ta yi wa wata mai jego ƙunshi, aka samu ragowa kamar cikin cokali, ga ganye ɗaya mai kyau ya rage. Tumaki sun tafi kiwo, kaji sun watse. Ta duba nan ta duba can, sai ga mijinta Malam Bawa ya dawo daga gona ya miƙe a tabarma ƙarƙashin rumfa yana sharar barci, babban yatsan ƙafarsa a sarari. Na ce Gwaggo ki ji tsoron Allah. Ta ce ɓarna ita ce rashin tsoron Allah, in riƙe mata kaskon.

Malam bai farka ba sai da aka kira la'asar. Ya ga abu a ƙafa ya ɗauka laka ce, ya wanke a gurguje ya yi alwala ya wuce masallaci. Sai da aka daidaita sahu, kowa ya sunkuyar da kai, sannan na kusa da shi ya fara tari irin na mai danne dariya. Ya dawo gida yana huci, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga ƙafa ya ce, "Kulu, mi kinka yi mini?"

Ta matso ta sunkuya ta duba da kyau. Ta ce, "Ka yi motsi, Malam. Dubi gefen nan bai kama ba."

Wata uku bawan Allah yana zuwa masallaci da safa, a tsakiyar bazara.

Sai tafiyarmu ƙasar Benin. Wata ƙawarta tun ta ƙuruciya, Badendiya, tana aure a wani ƙauye a tsallaken iyaka, za ta aurar da jikarta, ta aiko lallai sai Gwaggo. Da hantsi Gwaggo ta sa na karyo rassan tsamiyar bayan gidanmu, ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ta sa a kwanon sha mai murfi, ta rungume a cinya cikin mota. Direba ya ce a sa a baya ta ce sai dai shi a sa shi a baya. Da muka isa shingen bakin iyaka, wani mai kaki ya leƙo, ya ga tsohuwa ta ƙanƙame kwano, ya ce a buɗe. Aikinsa yake yi, ba laifinsa. Ya ga ganye, ya tambaya ko magani ne. Ta ce a'a. Na miya ne? A'a. Ya miƙa hannu zai taɓa, ai kuwa ya kawo kansa. Ta cafke hannun ta juya, ta kai ido.

Ta ce, "Ɗana, ƙato da kai kana cin farce? Mi ad damuwarka?"

Ni dai na ce yau a nan za mu kwana. Mutumin ya yi ta ƙoƙarin zare hannu, ta ƙi saki, tana gaya masa ya riƙa shafa maɗaci. Ƙarshe dai shi ya buɗe mana shingen da kansa, har yana tambaya ko in mun dawo za ta iya biyawa ta yi wa matarsa.

Muka isa gidan biki, abin da muka fara gani a tsakar gida tsamiya ce, ƙatuwa, ta yi biyun tamu. Ƙawarta ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Kulu, kin ɗauko ganye tun daga Bagudo ga shi nan yana zuba a kanmu? Gwaggo ta tsinki ɗaya ta gwada a farce, ta taɓe baki ta yar. Ta ce tsamiyarsu Faransanci take ji, ita kuma ba ta da lokacin neman tafinta.

Na girma, na yi aure a cikin garin Bagudo, amma duk Juma'a ina hanya. Zuwa lokacin ta fara barina in yi wa 'yan rakiyar amarya, ita ta yi wa amarya. Ba ta taɓa cewa na iya ba. In na gama sai ta duba ta ce, "To, ba za a kai mu ƙara ba dai."

Lokacin ne 'yan mata suka fara zuwa da hotuna a waya, suna nuna ƙunshin salatif, wanda ake yanka shi da reza a fitar da fure. Gwaggo ta karɓi wayar ta juya ta baya ta mayar. Ni kuwa shaiɗan ya raya mini wata dabara. Na ce ai matsalata ganye ne, yana zamewa, yana naɗewa, wani ya fi wani. Na sayi salatif na zauna a ɗakina na yanka ganye goma, kowanne kamar ɗan'uwansa. Na yi wa ƙanwar mijina, ya fito fes, ban taɓa yin mai kyansa ba. Na sa ta a gaba har Sharabi, ina ta murna. Na ce yau sai yatsan nan.

Gwaggo ta kama hannun yarinyar ta duba na farko, ta duba na biyu, har na goma. Sannan ta tashi ta yafa gyale ta ɗauki sandarta, ta ce mu je. Na ce ina? Ta ce in kai ta gindin bishiyar da na tsinko waɗannan. Shekara saba'in tana duniya ba ta taɓa ganin bishiya mai ganye goma kai ɗaya ba, tana so ta gani kafin ta mutu.

Na ce, "Gwaggo, salatif ne."

Ta ce, "Na sani. Bishiyar tasa nake son gani."

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Wata biyu ba ta bar ni na taɓa kasko ba. Ta mai da ni tsinkar ganye, ni da 'ya'yana uku.

A shekarun ƙarshe idonta ya yi rauni, hannu ya fara rawa. Amare suka koma hannuna gaba ɗaya, ita tana gefe a tabarma tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta. Ni kuwa na cire rai da yatsan. Na ce wa kaina Gwaggo za ta tafi da abinta ja, kuma ba komai. Ƙarya nake yi, abin yana cina.

Wata Juma'a bayan kaka na je na same ta a rumfa, ta rame ƙwarai. Na yi mata wanki, na dama mata kunu. Muna zaune sai ta tambaya ko raɓa ta bushe. Na ce ai tun ɗazu, rana ta take. Ta ce to me nake jira, ko sai tsamiya ta yi barci? Na ɗauka wata ce za ta zo. Na tsinko ganye, na kwaɓa lalle, na jiƙa ƙaro, na zauna ina duban ƙofa. Sai kawai na ga hannu a kan gwiwata, babban yatsa a miƙe, ita kuma ta kau da kai tana kallon kaji kamar ba nata ba ne.

Ni da na yi wa amare ba adadi, ranar sai na koma kamar 'yar koyo. Ganye huɗu na gwada kafin na samu daidai. Na manna, na rufe, na ɗaure. Muka zauna jiran lalle ya kama. Bayan la'asar na kwance na ɗage ganyen da tsinke. Matar da ba ta bambance akuya da tunkiya sai sun yi kuka, ta kai yatsan har kan hancinta.

Ta ce, "Ya karkace."

Na ce to bari in rufe shi da lalle ya koma ja yadda yake.

Ta janye hannunta ta cusa a cikin zane. "Wa ya aike ki? Bar mini abina."

Iyakar abin da na samu ke nan. Na koma Bagudo ban san ko in yi murna ko in yi kuka ba.

Bayan mako uku Allah ya karɓi abinsa, da hantsi, tana zaune a rumfar nan. Ina cikin masu yi mata wanka. Da na kama hannun dama, ga ganyen nan, ya ɗan matsa gaba, farin sabon farce ya fito siriri a gindinsa. Na duba da kyau, don haka ta koya mini. Gaskiyarta, ya karkace.

A zaman makoki ne na ji sauran. Inna Hajo maƙwabciyarmu ta fara, sai wata ta karɓa, sai wata. Ashe a mako ukun nan duk wanda ya shiga gidan sai ya ga yatsan. Mai kawo kifi daga bakin kogi, mai tallar nono, malamin asibitin da ya zo auna ta, har Malam Bawa da ya riga ya gani sau goma. Matar da ta yi rayuwarta tana cafke hannun mutane, ita ce ta koma miƙa nata. Tana cewa, "Ku duba aikin ɗiyata. Amma kar wanda ya gaya mata, kanta zai kumbura."

Muka yi dariya a gidan makoki har liman ya aiko a ce mu sassauta. Ni dai dariyar ba ta kai ni ko'ina ba, na kifa kai a cinyar Inna Hajo na yi kukan da na kasa yi da safe.

Allah ya jiƙan Gwaggo Kulu, ya yafe mata kurakuranta, har da ƙafar Malam. Allah ya haskaka makwancinta, ya sanyaya mata shi kamar gindin tsamiyarta, ya ba ta littafinta a hannun nan na dama. Amin.