Oba-obar Dapsiya ta Yi Shiru

Duk wanda oba-obarsa ta yi gardama a ƙauyukan bakin kogin Logon, wurin Dapsiya yake kai ta. Masunci ne, ko ƙofar aji bai taɓa takawa ba, amma ya fi shekara ashirin yana harkar rediyon hannu, tun ambaliyar da ta cinye masa rumbu biyu na jar dawa. Da damina, kullum safiya abokinsa Baisana zai kira daga can saman kogi ya faɗi inda ruwa ya kai a jikin sandar awo, shi kuma ya miƙa wa ƙauyukan gangare. A ɗayansu 'yarsa Minda take aure, gidan nasu dab da gaɓa.

Mutumin kirki ne, sai dai akwai faɗa. Ka kawo masa gyara, kafin ka zauna ya tambaye ka ko ka duba batir, ko ka ɗaure eriya. Sau tari tsatsa ce kawai, ya kankare ta da tsinin wuƙa, ya miƙo maka kayanka haɗe da baƙar magana kyauta.

To, a tsakiyar daminar bana sai tasa oba-obar ta yi masa tsiya. Idan ya yi magana ana jin sa, amma abin da ke dawo masa sai ƙus-ƙus kamar ana hira a bayan danga. Ya sauya batir. Ya goge mazaunin eriya, ya aro wata. Ya kwance lasifikar, ya shanya a rana ko danshi ne, ya mayar. Kwana biyu bai miƙa wa kowa awo ba, ga kogi na ta cika, tuwo ma ya daina shigar masa. Tsoro yake ji ƙwarai, kada ruwa ya riski Minda saboda shi.

Rana ta uku yana kan tabarma da kayan gyara a baje, matarsa Ngolda ta baro wajen bandar kifi, can ƙarshen gida, ta zo ta tsugunna a gabansa. Ta ce Baisana ya kira sau uku, ruwa ya haura jan layin haɗari na sandar awo da taƙi guda.

"Daga can kika ji?"

"Daga can, Baban Minda. Rediyonka lafiyarsa ƙalau."

Sai a lokacin ya lura bakinta yake kallo. Ashe kunnensa ne ya yi nauyi, ita kuwa tun bara ta gane. Ta daina kiran sa daga nesa, sai ta zo gabansa take magana, ba ta kuma faɗa wa kowa ba. Kunya ta kama shi, da wani baƙin ciki mai nauyi. Ya tura mata rediyon, ya ce ta kai wa wani mai kunne, shi nasa ya ƙare.

Ngolda ta ce ba inda za ta kai. Ita da ko kunnawa ba ta iya ba, ta zauna ta gefen hagunsa, inda yake ɗan ji, tana ƙamshin hayaƙi da kifi.

"Ni zan saurara, kai ka faɗa. Muryarka suka sani, tsoho. Danna."

Ya danna, ya kira ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, ya ce a kwashe a hau tudu kafin azahar. Na Minda ne na ƙarshe. Ya saki madannin, ya ga fitilar ta yi kore, ana amsawa, shi kuwa ba abin da ya iso masa.

Ngolda ta kai bakinta kunnensa. "Minda ce da kanta. Ta ce sun ji, Baba, suna ɗaure kaya. Wai ka ci abinci."

Ya ji sarai. Ya share ido da gefen riga, ya ƙara matsowa kusa da ita.

"Sake faɗa mini," in ji shi.